Burodin da coci ke rabawa tun shekara kusan 900, da kwanon almajiri a zauren gidanmu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani Bature abokin aikina ya ja ni zuwa Wincesta, garin da ke kudu maso yammacin Landan, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa. Daga tsakiyar gari muka bi gefen wani rafi da ƙafa, ciyawa kore shar, ruwan garau kana ganin duwatsun ƙasansa, har muka iso wani tsohon gini na dutse mai ƙatuwar ƙofa da coci a ciki, sunansa St Cross. Suna ce masa asibiti amma ba na marasa lafiya ba ne, gidan gajiyayyu ne. Abokin nawa ya ce je ka wajen mai tsaron ƙofa ka ce kai matafiyi ne. Na je na faɗa, sai ga ɗan yankin burodi da ɗan kofin giya an miƙo min, ba a tambaye ni suna ko addini ba. Na karɓi burodin na ce giyar a bar ta.

Wani bishop ne, wato babban limamin coci, Henri na Bulwa, ƙanin sarkin Ingila na lokacin, ya kafa gidan a shekarun 1130, aka ajiye talakawa 13 da ƙarfinsu ya ƙare, ana kuma ciyar da mutum 100 kullum a bakin ƙofa. Har yau akwai tsofaffi a ciki, na ga ɗaya da baƙar alkyabba da gicciyen azurfa a ƙirji yana tafiya a hankali da sandarsa. Wallahi abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Ina cikin tauna burodin sai abokin nawa ya ce ai ya ga wani shiri a talabijin, wai a ƙasarku yara ke yawon bara da sunan addini, yaya haka? Bai faɗa da mugunta ba amma maganar ta tsaya min a wuya har muka dawo.

To shi ya sa na zauna na bi tarihin nasu. A wancan zamanin coci ita ce kusan komai a ƙasar nan. Manomi idan ya girbe, kashi ɗaya cikin goma na coci ne, hatsi, ulu, 'yan raguna, duk sai an fitar, har manyan rumbuna aka gina na tara shi, wasu suna nan tsaye. Wanda ya tashi a gidan noma a wajenmu ya san wannan lissafin, dami goma a ware ɗaya. Aure da wasiyya a kotun coci ake shari'arsu. Karatu da Latin ake yi, yaren da talaka ba ya ji, kuma wanda ya iya karatun yana iya kuɓuta daga kotun sarki a mayar da shi hannun malaman coci. Mai laifi idan ya ruga ya shiga coci, kwana 40 ba mai taɓa shi. Sai kuma wannan da na so a ce na sani tun muna bakin ƙofar: mabiyan Faransis na Asisi, wani waliyyin Kiristoci ɗan Italiya, da suka iso Ingila a 1224, bara suke yi gida gida, ƙa'idar tafiyarsu ke nan, kada su mallaki komai su ci daga hannun jama'a. Ashe bara da sunan addini kakannin abokin nawa sun yi ta, kuma waliyyai ake kallonsu.

Ban ce halin da almajirai ke ciki yanzu daidai ba ne. Yaro ɗan shekara bakwai ba takalmi a cikin hunturu, uba ya jefar da shi bai ko waiwaya ba, wannan abin kunya ne kuma namu ne. Kuma na yarda sun fi mu a abu ɗaya, bishop ɗin nan bai tsaya ga sadakar hannu ba, dukiya ya ɗaure wa gidan aka rubuta, irin wakafi, shi ya sa burodin bai yanke ba. Mu attajiranmu sai rabon atamfa da shinkafa da azumi, bayan salla shiru. Amma fa su ma da sarki Henri na 8 ya tashi, tsakanin 1536 da 1540 ya rufe gidajen 'yan zuhudu sama da 800 ya kwashe dukiyarsu, wannan gidan yana cikin waɗanda suka tsira ne kawai.

Abin da ke ci min rai shi ne, a nan ƙofa ɗaya ce ta rage, kuma yawancin masu karɓar burodin irina ne, 'yan yawon buɗe ido da waya a hannu. A unguwar da nake zaune shekara huɗu ban taɓa ganin maƙwabci ya aika wa maƙwabci da kwanon abinci ba, ga masu kwana a bakin shaguna cikin wannan sanyin mai shiga ƙashi, mutane na wucewa ta gefensu kamar ba su gan su ba. A gidanmu kuwa Inna ba ta taɓa kwashe tuwo ba tare da ta ware malmala biyu ba. Akwai wani yaro da ya shekara shida yana zuwa, bayan isha'i za ka ji muryarsa daga zaure, iya ko ɗan ƙanzo, ita kuma ta ce shigo mana ɗan nan, ka tsaya a waje kamar baƙo. Da ya yi zazzaɓi a ɗakinmu ya kwanta, ranar saukarsa ita ta ɗinka masa riga. Ba wanda ya rubuta sunanta a jikin dutse.

Da daddare na kira ta, layin yana ta yankewa, na ce Inna har yanzu ana zuwa karɓar tuwo? Ta ce yanzu su uku ne, kuma masara ta yi tsada. Na ce zan ƙara a kan na wannan watan.