Jita-jita kan jita: batir da manhaja ba su ne ci gaba ba

Da zarar shekara ta zo gangara, sai kasuwar hasashe ta buɗe. Wannan ya ga hoton da aka ɗauka a sace, wancan ya tono takardar rajistar wata fasaha, wani kuma ya rantse cewa dillali ne ya raɗa masa. Duk ana shirin baje kolin NAMM ne, wanda akasari ake yi a watan Janairu a Anaheim ta jihar Kalifoniya, inda kamfanonin kayan kiɗa ke fito da sababbin samfuransu. Ni ba hasashen ba ne ya dame ni, mai son abu dole ya yi ɗokinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne irin abin da ake ɗokin. Ka saurari masu bidiyon nan na YouTube, burinsu bai wuce jitar lantarki mai allo a jiki ba, mai Bluetooth, mai batirin caji, mai manhajar waya, mai saita tsirkiyarta da kanta. Kamar dai ba a taɓa bin wannan hanya an ga inda ta ɓulle ba.

An bi ta kuwa. A 2007 kamfanin ƙera jita na Gibson ya fito da Robot Guitar, mai ƙananan injuna da ke murɗa maɗauran tsirkiya. A 2015 ya ɗora irin wannan na'ura, mai suna G Force, a kan akasarin jitocin da yake ƙerawa, ko mai saye yana so ko ba ya so. Makaɗa suka yi ca, da yawa suka kwance ta suka mayar da maɗauran hannu, shekara na zagayowa kamfanin ya ja da baya. Kafin nan akwai Firebird X ta 2011, wadda aka cusa wa kwamfuta da batir da tarin maɓallai. A 2019 duniya ta kalli bidiyon da motar gini ke bi ta kan ɗaruruwansu tana murƙushewa. Ba zan ce waɗannan ne suka kai Gibson kotun masu karayar arziki a 2018 ba, bashin da ya ciwo wajen sayen kamfanonin kayan sauti shi ne babban dalili. Amma tunanin ɗaya ne, wato a mayar da kayan kiɗa kayan laturoni, abin da ake canzawa duk bayan shekara uku.

Yanzu ɗauki jitar da Leo Fender ya fitar a 1950, wadda aka raɗa wa Telecaster a 1951. Katako ne shimfiɗaɗɗe, wuya ɗaure da sukuru huɗu, da fikof guda biyu. Shi fikof ɗin ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ya haifar da ɗan lantarkin da amfulifaya ke ƙarawa. Babu batir, babu abin da za a sabunta ta intanet. Wuya ya lalace, a kwance a sa wani. Waya ta tsinke, a liƙa da dalma. Shi ya sa jitar da ta haura shekara 70 take hawa dandamali yau ta yi aiki, kuma ramin da ake soka mata waya, mai faɗin rubu'in inci, tun zamanin allunan haɗa tarho yake, bai canza ba. Ƙirga sau nawa bakin cajar wayarka ya canza cikin shekara 20. To, wannan ƙaddarar ce masu hasashe ke roƙa wa jita, suna tafi.

Za a ce mini ci gaba ba ya jiran kowa. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa riƙe kayan da kamfaninsa ya daina yi wa manhaja ba. Su ma masu cewa duk abin da aka ƙera bayan 1959 shirme ne, ba na tare da su ko kaɗan, son tsohon abu ne kawai ya rufe musu ido.

Sabon abu yana shigowa jita, yana kuma zama, amma dubi irin wanda ke zaman. Seth Lover ya haɗa naɗin waya biyu masu saɓa wa juna a fikof ɗaya don su kashe gurnanin lantarki, Gibson ya fara sa shi a kan jitarsa samfurin Les Paul a 1957, har gobe ana amfani da shi. Floyd Rose ya zo a ƙarshen shekarun 1970 da jakin da ke ƙulle tsirkiya ta kai da ta gindi, don mai lanƙwasa sauti da sanda kada saitinsa ya gudu. EverTune ya sa wa kowace tsirkiya sifirin nata da ke riƙe ƙarfin ja daidai, ba tare da ko ɗigon lantarki ba. Ga firet, wato siraran ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ba ya cinyewa da wuri kamar na da. Ga sandunan kabon da ake binnewa cikin wuya don kada ya karkace in yanayi ya juya. Kowannensu kukan makaɗi ya share, kuma kowannensu mai gyara zai iya kwancewa da sukurudireba ko ya sauya shi a kan tebur. Ko fikof masu batir irin na EMG da Fishman Fluence ban ƙi su ba, domin a ramin da aka saba suke zama. Ranar da ka gaji da su ka cire, jitarka tana nan. Wannan shi ne ma'aunina: in an cire sabon abin, me ya rage a hannunka? In amsar ita ce katako mai ramukan da babu abin da zai shige su, to ba jita aka sayar maka ba.

Abin takaicin shi ne tambayoyin da ba a yi. Ban taɓa ganin an yi zazzafar muhawara kan ko sabon samfuri zai zo da 'yar matashiyar nan ta bakin wuya a yanke daidai ba, alhali yawancin gudun saiti daga nan yake farawa, tsirkiya ta maƙale a tsaga sannan ta suɓuce. Ba a tambayar ko bakin firet zai yanki yatsa. Ba a tambayar nauyi, sai mutum ya rataya kilo huɗu da rabi na awa uku ya ji a kafaɗarsa. Kan jitar Gibson mai lanƙwasa digiri 17 ya shahara da karyewa in ta faɗi, masu gyara sun san haka shekara da shekaru, amma wannan ba ya jawo masu kallo kamar zanen jita mai fitilu. Hatta babban sauyin da ya taɓa jitoci masu yawa a 'yan shekarun nan ba daga majiyar sirri ya fito ba. Dokar CITES ce ta Janairun 2017, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta ƙuntata cinikin itacen rozwud tsakanin ƙasashe, kamfanin Fender ya koma amfani da itacen pau ferro a samfuransa na Meziko, sai a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa.

Kuma akwai wanda ke biyan kuɗin wannan surutu. Ɗan koyo ne, wanda ya tara abin sayen jitarsa ta farko, sai aka ce masa ya dakata, wadda za ta fito ta fi. Ya dakata wata shida bai koyi riƙe ko sauti ɗaya ba. Akwai kuma wanda ya rabu da lafiyayyar jitarsa da arha don ya shirya wa abin da bai ma tabbata zai fito ba. Mai bidiyo ya sami masu kallonsa, kamfani ya sami tallan kyauta, su biyun ba su yi asarar komai ba.

Kamfanin da zai sa kwamfuta a cikin jita, ya faɗa a fili shekara nawa zai ci gaba da sayar da kayan gyaranta, ya kuma ƙera ta yadda za ta yi ƙara ko da batirin ya mutu. Su kuma masu kyamara, in an buɗe ƙofa a Anaheim, ina roƙon ko mutum ɗaya daga cikinsu ya juya jitar, ya kwance murfin baya, ya nuna mana abin da ke ciki.