Hannun da ya taɓa gawa ya koma kan mai naƙuda

A shekarun 1840, babban asibitin Biyana a Ostiriya yana da ɓangarorin haihuwa biyu, ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomomi. A na likitoci, zazzaɓin jego yana kashe kusan mace 10 cikin 100. A na ungozomomi kuwa kusan 4 ne. Har mata kan roƙi kada a kwantar da su wajen likitoci.

Dakta Ignaz Semmelweis, likita a ɓangaren likitocin, ya rasa dalili, sai a 1847 abokin aikinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙar binciken gawa ta yanke shi, da alamomi irin na masu jegon. Nan ya farga: ɗalibai suna fitowa daga ɗakin gawa su duba masu naƙuda da hannun nan. Sabulu bai kawar da warin gawar ba, sai ya wajabta wankewa da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kashi 18 a Afrilu suka sauko ƙasa da kashi 2 a Yuli. Manyan likitoci suka ɗauka an ci musu fuska, suka yi watsi da shi. Ya rasu a 1865 a asibitin masu taɓin hankali.

Abin da ke ci mini rai, yau mun san ƙwayoyin cuta sarai, amma safar hannu ta zame mana maɓuya. Ma'aikaci ya taɓa gado uku da safa ɗaya, ya ɗauki waya, ya sa allurar jijiya. Safa tana hujewa, kuma ana gurɓata hannu wajen cire ta, shi ya sa dole a tsabtace hannu kafin sawa da bayan cirewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace: sanitaiza mai alkohol daƙiƙa 20 zuwa 30, a goga har ya bushe, sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60. Babban yatsa, bakin farce da tsakanin yatsu aka fi tsallakewa, zobe da dogon farce kuma matattara ce. Idan hannu ya taɓa jini ko bayan gida, sanitaiza ba ta wadatar ba, sai sabulu. A bushe da tawul na takarda. Tsumma ɗaya da kowa ke gogawa yana mayar da abin da aka wanke.

Mai jinya da ya ga an taso daga wani gadon zuwa na 'yar'uwarsa yana da haƙƙin cewa, cikin ladabi: "Sista, don Allah a wanke hannu tukuna."