Shayi mai lamba 4895

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san kwalin shayin nan na ƙasar Sin mai lamba 3505, wanda aka rubuta "Gunpowder" (wato albarushi da Turanci) a jikinsa, ya kuma san 4011. Ni tun ina yaro na riƙe a raina cewa iya girman lamba iya ƙarfin shayi. Da wannan ilimin na taho Amurka, kuma shi ya ci mini rabin gemu a jihar Kansas.

Wata Asabar aka yi gwanjon kayan wani tsoho da ya rasu a unguwarmu. Injin yankan ciyawa na je nema, na dawo da akwatin katako na dala biyar cike da tsoffin gwangwanaye. Ɗaya daga ciki tsatsa ta cinye rubutunsa, ba abin da ya rage sai kalmar "powder" da lamba 4895. Na buɗe, na ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe suna sheƙi. Na ce Allahu Akbar, ashe mai kyan ɓoye shi suke yi a nan, mu a tura mana 3505.

Uwargida ta leƙa ta ce, "Malam, wannan fa ya fi kama da kashin ɓera, ga shi yana warin man goge farce." Na ce 'yar Kano ina kika san shayi, ku da madara ta fi ruwa yawa a kofinku?

Na hura gawayi a bayan gida, na ɗora buta, na zuba cokali biyu. Ruwa ya tafasa, ya sake tafasa, launinsa ko gezau. Na ce to, mai taurin kai ne, bari in ƙara. Garin ƙarawa hannuna ya goce, abin da ke cikin cokalin ya zube kan garwashi. Fuuu! Wuta ta tashi kamar walƙiya ta ɓace, hayaƙin kirki ma babu, sai ƙaurin gashi. Gashin kuwa nawa ne.

Maƙwabcina dattijo ne maharbin barewa, irin waɗanda ba sa yar da ƙwanson harsashi, sai su tara su sake ɗura masa albarushi a gareji. Ya leƙo ta katanga, ya dubi buta, ya dubi gwangwani, bai ce uffan ba sai da ya zagayo ya janye akwatin nesa da wuta. Sannan ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da tari.

Da ya farfaɗo ya fara jera mini gwangwanayen kamar mai karanta asalin sarakuna. "Shayin" nawa, in ji shi, IMR 4895 ne na kamfanin DuPont, albarushi marar hayaƙi da aka ɗura wa harsasan .30-06 na sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya yi kwantai, har Bruce Hodgdon, mazaunin nan Kansas, ya sayi mai nauyin fam 50,000 a 1947 ya riƙa sayar wa masu ɗurin gida. Wani gwangwanin yana ɗauke da sunan Hercules, kamfanin da ya fito daga cikin DuPont bayan kotu ta raba shi a 1912, ya kuma sayar da sashen albarushinsa ga kamfanin Alliant a 1995. Sunan kaɗai ya isa ya nuna zamaninsa, ga kuma sunan albarushin, HiVel No. 2, a jiki, wanda aka daina yi tun shekarun 1960. Ya ce ni dai na yi sa'a ba albarushin Cordite na Ingila na saya ba, mai kama da taliya. Gaskiyarsa, da na sa an dafa da manja.

Sai muka zo kan wani gwangwanin kofi da ba ko harafi a jikinsa. Na ce wannan ma ai irin wancan ne, na ga ƙwayoyinsu ɗaya. Nan take dariya ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce ido ba ya gane albarushi: wani mai saurin ci ne na ƙaramar bindiga, wani a hankali yake ci, in aka yi musanya bindiga kan fashe a hannun mai ita. Shi da ya tsufa yana wannan aikin ba zai yi canke ba, balle ni da ban gane shi a cikin buta ba. Ya buɗe wani kuma ya nuna mini jar ƙura kamar tsatsa da wari mai yaji, ya ce wannan ya lalace, ba a kwana da shi a gida.

Shi ya kira 'yan kwana-kwana suka faɗa mana inda za a kai kayan. Ma'aikacin da ya karɓa ya tambayi yadda aka yi na gane mene ne, na ce bincike muka yi. Ya daɗe yana kallon gefen fuskata na hagu.

Butar ma uwargida ta jefar, butar da na taho da ita tun daga Damagaram. Yanzu ko kwalin gishiri na ɗauko a kanti, sai ta rage murya ta ce, "Malam, lamba nawa ne?"