Ras Male: Ana Binne Murjani Da Sunan Ceton Maldives

Tun da Shugaba Mohamed Muizzu na Maldives, ƙasar tsibirai da ke Tekun Indiya, ya ƙaddamar da aikin Ras Male a watan Disamban 2023, makonni kaɗan bayan hawansa mulki, akwai wata hujja da masu goyon bayan aikin suke ta nanatawa: wai cike gaɓar tekun Fushi Dhiggaru da yashi, a samar da sabon fili mai faɗin sama da hekta 1,000 kusa da Male, babban birnin ƙasar, shi ne zai tsare Maldives daga hauhawar ruwan teku. Wannan hujja ce ta fi ba ni haushi, domin an ɗauko barazanar da kowa ya amince da ita, an mayar da ita mayafin rufe ɓarna.

Babu mai musun cewa ƙasar tana cikin haɗari, tun da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar da ke tsibiranta kusan 1,200 bai kai tsayin mita ɗaya sama da ruwan teku ba. Abin da ake mantawa shi ne yadda tsibiran suka samu tun asali. Murjani ne ya gina su. Waɗannan ƙananan halittun teku suna tara ƙwarangwal ɗinsu na farin dutse shekara da shekaru, igiyar ruwa da kifin nan mai baki irin na aku suna niƙa shi ya zama farin yashi, yashin ya taru ya zama tudu. Shi kuma tudun murjanin da ya kewaye tsibiri, shi ne yake karya lagon igiyar ruwa tun kafin ta iso bakin gidajen mutane.

To, me jirgin yasar teku yake yi? Yana zuƙo yashi daga ƙasan teku, ya tura shi ta manyan bututu zuwa inda ake son cikewa, ruwan da a da ake hango kifi a cikinsa ya dagule ya yi fari fat. Murjanin da ke wurin an binne shi ke nan, wanda ke nesa kuma laka ta kwanta masa, ta tare hasken ranar da ƙwayoyin tsiron da ke rayuwa a jikinsa suke bukata domin su ciyar da shi. Ana yin haka ne ga murjanin da ɗumamar ruwan teku ta riga ta galabaitar da shi a 1998 da kuma 2016.

Kada a ɗauka laifin gwamnati guda ne. A 2017, zamanin Shugaba Abdulla Yameen, an cike wani ɓangare na dajin itatuwan ruwan gishiri na tsibirin Kulhudhuffushi domin gina filin jirgin sama. A 2020 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya tsibiran Addu da ke kudancin ƙasar cikin wuraren da ake kare halittunsu, amma ba a jima ba, a zamanin Shugaba Ibrahim Solih, jiragen yasa suka isa can. Wannan ita ce ƙasar da ministocinta suka yi zaman majalisa a ƙarƙashin ruwa a 2009 domin jawo hankalin duniya. Suna da gaskiya idan sun tuhumi manyan ƙasashe masu gurɓata iska, sai dai ba waɗancan ƙasashe ne suke sa hannu a kwangilar yasa ba.

Masu cewa jama'a na bukatar gidaje sai su dubi Hulhumale, tsibirin da ke kusa da Male wanda aka samar ta hanyar cike teku tun daga 1997, har yau kuma cunkoson Male bai kau ba, saboda ayyukan yi da manyan asibitoci da makarantu duk a can aka tara su. Masu dogaro da katangar siminti kuwa, su tuna cewa wadda ta kewaye Male, bayan ambaliyar 1987, da tallafin Japan na kimanin dala miliyan 60 aka gina ta, kuma tsibiri ɗaya tal ta kare a cikin kusan 190 da mutane ke zaune a kansu.

Abin da ya kamata shi ne a dakatar da sabbin ayyukan cike teku har sai masana masu zaman kansu sun tantance illarsu kafin a ba da kwangila, a kuma karkatar da wani kaso na wannan kuɗi zuwa asibitoci da makarantu a tsibiran kudu da arewa, domin a rage kwararar jama'a zuwa Male.