Abincin da muke zubarwa a bola, ku ji tsoron Allah

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau dai sai na yi magana, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Daren jiya an yi dinar biki a wani ɗakin taro da ke kusa da mu. Na bi ta bayan wurin lokacin da baƙi suka fara watsewa, sai na tarar da yaran masu abinci suna kwashe kwanuka. Ɗaya ya buɗe bakin baƙar ledar nan babba ta shara, ɗayan yana kankare farantai a ciki da cokali. Soyayyar shinkafa ce da ko loma uku ba a yi ba, cinyar kaza an gatsa sau ɗaya an ajiye, farfesu ya sandare a kwano, an jefa tishu da tsinken sakace a kai, an tuttula ragowar lemo. Da ledar ta cika suka ɗaure ta suka ɗauko wata. A ƙofar gaba kuwa almajirai ne tsaye da robobinsu, mai gadi yana kora su da bulala kada su jingina da motocin manya.

Kuma mu ne fa gwanayen zagin manyan ƙasashe. A teburin mai shayi, a majalisa, a Facebook, kowa ya iya bayanin yadda duniya ta karkace, masu shi suna ƙara tarawa, marasa shi suna mutuwa. Ban ce ƙarya muke yi ba. A shekarar 2024 kaɗai ƙasashen duniya sun kashe sama da dala tiriliyan 2.7 a harkar soji, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 733 ne suka sha yunwa a 2023. Wannan zalunci ne, Allah ya isar wa raunana. Amma akwai wani lissafin da ba mu cika son ji ba. Hukumar muhalli ta Majalisar ta ce a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a duniya, kuma kashi 60 cikin ɗari na wannan ɓarnar daga gidaje ta fito. Daga kicin ɗinmu kenan, daga kwanon da aka tura ƙarƙashin gado aka manta. Har ma suka ce in ana maganar gidaje, bambancin ƙasashe masu arziki da irin namu ɗan kaɗan ne. To ina bakin zagin Bature?

Ku zo mu leƙa Sudan, don na lura mun daina ambaton ta ko a addu'a.

Ranar Asabar ce, 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi. Mutanen Khartum sun yi sahur lafiya, mata na shirin kayan Sallah, gari ya waye da ƙarar bindiga tsakanin sojojin ƙasar da Janar Burhan ke jagoranta da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF da Hemeti ke jagoranta. Babban birni ne mai jami'o'i da asibitoci da gidajen abinci da ɗakunan biki irin namu. 'Ya'yanmu da ke karatu a can sun gani da idonsu, da kyar aka kwaso su a motoci suka keta sahara zuwa iyakar Masar, ku tambaye su kwana nawa suka yi a hanya da ƙishirwa. Daga wannan rana zuwa yau mutum sama da miliyan 12 sun bar gidajensu, kusan rabin al'ummar ƙasar, wajen mutum miliyan 25, sun shiga matsananciyar yunwa. A watan Agustan 2024 aka tabbatar da cewa yunwa mai kisa ta sauka a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke kusa da birnin Al-Fashir a yankin Darfur, a Afrilun 2025 kuma aka afka wa sansanin, waɗanda suka tsira suka fantsama a ƙafa zuwa garin Tawila. Shi kansa Al-Fashir an yi masa ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi kafin ya faɗa hannun RSF a Oktoban 2025. A cikin wannan ƙawanyar, uwa kan jiƙa ambaz, wato tunkuzar gyaɗar da aka matse mai ake ba shanu, ta dama wa 'ya'yanta. Daga baya shi ma ambaz ɗin ya yi tsada ya gagari talaka.

Waɗannan ba baƙi ba ne a gare mu. Kakanninmu ta nan suke bi su je aikin Hajji a ƙafa, da yawa suka yada zango suka hayayyafa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu har yau sunansa yake amsawa, kuma yaƙin nan ya taɓa jihar Sennar inda garin yake. Akwai tsohuwar da ke kuka da Hausa a Sudan yanzu haka, tana cewa “wayyo Allah” yadda kakarka take cewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda su masu yunwar suke yi. A unguwannin Khartum da Umdurman matasa suka kafa tukwanen gayya da suke kira takaya. Wannan ya kawo ɗan wake, wancan ya kawo gawayi, ɗan uwa da ke ƙasar waje ya turo abin da ya samu ta waya, a ɗora babbar tukunya, kowa ya zo da robarsa ya shiga layi. Malamin jami'a da ɗan dako layi ɗaya. Wasu daga cikin matasan nan an kama su, wasu an kashe su a kan wannan aikin. Ku tuna Ash'ariyyawa da Manzon Allah (SAW) ya yaba, waɗanda in abincinsu ya ƙaranta sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Waɗanda bam ke sauka a kansu sun riƙe wannan sunna, mu da muke barci har da minshari muna cika leda.

Na san abin da wani zai ce. “Malam, in na rage shinkafar bikina, Al-Fashir za ta je?” Ba za ta je ba. Amma za ta iya zuwa layin bayanku. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shidan farko na 2025, kuma wannan waɗanda aka kai asibiti ne kawai. Matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato ga su nan a kangaye da bakin masallatai, wata da goyo wata da uku a hannu. Shekarun baya su ke noma gero da dawar da muke ci. Ga magidancin da ba ya bara, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 gidansa ya koma cin abinci sau ɗaya, yana fita da wankakkiyar riga yana gaishe ka da fara'a, kai kuma kana ganin lafiya lau yake.

Wani kuma zai ce kuɗinsa ne. Alhaji, kuɗinka ne, babu mai musu, amma za a tambaye ka ta ina ka samu kuma ta ina ka kashe, ka fi ni sani.

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, amma a nan da ku nake. Na san tsoron da ke sa a dafa buhu uku inda ɗaya ya isa, tsoron kada dangin miji su ce an gaza, kada ƙawaye su yi da ke. Hajiya, waɗanda kike tsoron bakinsu ko kin yanka raƙumi sai sun ce gishiri bai ji ba. Za su ɗauki hoton farantin su sa a waya, su ɗan tsakura, su tashi. Annabi (SAW) ya ce mafi sharrin abinci shi ne abincin walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta. Yanzu har kati muke bugawa mu sa ƙarti a ƙofa don tabbatar da hakan. Mu maza kuma kada mu ɓoye bayan mata, mu ne ke biya muna hura hanci a ce bikin 'yar wane ba a taɓa irinsa ba.

Kuma ba sai biki ba. Tuwon dare ya kwana, yara sun ce ba sa cin ɗumame, sai a juye a bola a soya musu indomi. Naman layya a cusa a firiza wai sai an ci har Muharram, wuta ta ɗauke kwana uku, ya yi wari, a fitar da shi da dare kada maƙwabta su gani, maƙwabtan da ba a aika wa ko tsoka ɗaya ba. Lokacin azumi a jera kala bakwai a tabarma, a sha kunu a ci ƙosai biyu ciki ya cika, sauran sai kuda. Har a taron bita na otal-otal, wani sa'in ma taron a kan yaƙi da yunwa ake yi, mutum zai tula faranti ya ci rabi ya tafi.

Ba haka muka taso ba, wallahi. Kakanninmu ƙanzon tukunya ma ba sa yarwa, a kankare a shanya a kan rufin ɗaki, in ya bushe a adana don ranar babu. Ƙwayar hatsi ta faɗi a tsakar gida sai tsohuwa ta sunkuya ta tsince. Ga ciyayya, da magariba ta yi sai ka ga yara na ratsa layi da kwanuka a ka, wannan gida ya aika wancan, magidanta su baje a ƙofar gida kowa ya fito da nasa, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya sa hannu ya ci, ba wanda ya gane. Da wannan ake rufa wa juna asiri. Yanzu mun yi katanga mai waya a sama, ba ka san ko sunan wanda ke jikin gidanka ba, balle ka san ya kwana da yunwa.

Ina jin tsoron ayar nan ta Suratun Nahli, ta alƙaryar da take cikin aminci da natsuwa, arzikinta na zuwa mata a yalwace ta ko'ina, ta butulce wa ni'imomin Allah, sai ya ɗanɗana mata tufar yunwa da tsoro. Kada wani ya fahimce ni a karkace, ban ce mutanen Sudan laifi suka yi ba, jarrabawa ce ta same su kuma da yawansu sun fi mu tsoron Allah. Kanmu nake ji wa. Tsoron ya riga ya shigo mana, wa ke bin hanyar Birnin Gwari da dare da kwanciyar hankali? Yunwar ma ga ta a bakin ƙofa. Me muka taka da muke ganin abin da ya sami Khartum ba zai same mu ba?

Don Allah, don Annabi, a rage. Mai shirin biki ya zauna da mai abinci tun kafin ranar, a yanke abin da za a dafa, a kuma ware na mabukata tun daga tukunya, mai tsabta, kafin a sa masa tishu da miyau. A zuba wa baƙo kaɗan, in bai ƙoshi ba ya ƙara. Uwar gida ki ƙirga bakunan da ke gidan kafin ki auna, in kuma ya ragu ki aika da zafinsa, kada ki jira ya yi tsami sannan ki tuna da almajiri. Mai hali ya nemi amintacciyar hanya ya tura wa tukwanen Sudan ko 'yan gudun hijirar da ke Adre a Chadi. Limamanmu kuma ku sa su a alƙunutu, an daɗe ba mu ji sunansu ba.

Don Allah a rage. Allah ka kawo wa mutanen Sudan ɗauki, ka ciyar da mayunwatanmu, kada ka kama mu da abin da muka zubar.