Ƙannena masu mafarkin buga ƙwallo a Turai, ku zo mu yi magana

Duk yamma idan na bi ta filin firamaren unguwarmu nakan tarar da ku cikin ƙura, wasu da but, wasu ƙafa ba takalmi, kowa sanye da rigar kulob ɗin da yake so. Wallahi ina jin daɗin ganinku. Abin da ke damuna shi ne zancen da nake ji bayan an tashi: wai wani ejan ya zo, yana da hanyar Turai, a kawo miliyan kaza ya yi fasfo da biza.

Da an yi muku magana sai ku ce ai ga Ahmed Musa nan. To, mu bi sawun Ahmed Musan mu ga ta inda ya bi.

A Jos aka haife shi a 1992, kuma a gida ya fara yin suna. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya. Da wannan shaidar Turawa suka neme shi, ba shi ya bi su da kuɗi a hannu ba. Kuma ba Barcelona ce ta ɗauke shi ba, VVV-Venlo ce, wani ƙaramin kulob a ƙasar Holan wanda da yawanku ba ku taɓa jin sunansa ba. Duk da haka sai da ya zauna jira, domin dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa ya buga ƙwallo kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Sai da ya cika a watan Oktoban 2010 aka ba shi damar taka leda. Ku riƙe wannan da kyau: dokar da ta tsayar da gwarzon gasar Najeriya, wane ejan ne zai tsallake ta saboda kai ɗan shekara 16?

Daga can ya koma CSKA Moscow a 2012, cikin sanyin Rasha, harshen da bai iya ba, abincin da bai saba ba, nesa da mahaifiya. Ya daure, ya ɗauki kofin gasar ƙasar har sau 3. A 2016 Leicester, wadda ta lashe Firimiya a shekarar, ta saye shi kan fam miliyan 16 da ɗoriya. A nan ne kuke tsayar da labarin, ni kuwa a nan nake so ku buɗe kunne. Mutumin da ya zura wa Ajantina ƙwallo 2 a gasar duniya ta 2014, sai ga shi yana ɗumama benci a Ingila, har a farkon 2018 aka mayar da shi CSKA aro. Daga nan ya koma Al Nassr ta Saudiyya, bayan ya rabu da ita a 2020 ya yi watanni babu kulob, sannan a 2021 ya dawo Pillars, bai ji kunyar sake sa rigar Sai Masu Gida ba. Yana da wurin dawowa ne saboda ta ƙofa ya fita, kuma tun ƙafa na da ƙarfi ya zuba jari a gida, har da cibiyar wasanni a Kano.

Idan mai kwantiragi a hannu ya sha wannan, ina ga wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido? A yawancin ƙasashen Turai wannan biza ba ta wuce kwana 90, kuma ba ta ba ka izinin aiki. Kulob ɗin da ke son ka da gaske shi zai turo takardar gayyata da sunansa, shi zai ɗauki nauyin gwajinka. Ejan na gaskiya kuwa yana da lasisin FIFA, kuma sai an sa hannu a kwantiragi yake samun kasonsa. Ka tambaye shi lasisin. Ka sa kocinka ya tuntuɓi kulob ɗin kai tsaye. In ya fara cewa ana ɓata masa lokaci, gobe za a rufe, kada ka gaya wa kowa, to ka san da wa kake tare.

Ba da ka nake faɗa ba. Akwai yaron da na sani tun yana tsinto mana ƙwallo a bayan raga, ɗan baya ne mai kyau ƙwarai. Mahaifinsa ya sayar da gonar gado ya damƙa wa wani mutum kuɗin, ni ma ina cikin masu yi masa rakiya tasha, kuma har yau ina nadamar shirun da na yi. An sauke shi a otal, mutumin ya ce zai je ya dawo, wayarsa ba ta sake shiga ba. Biza ta ƙare, kunya ta hana yaron dawowa, yanzu wanke-wanke yake yi a ɓoye a wani gidan abinci, rabonsa da fili ya fi shekara 3. Mahaifinsa kuwa, duk damina sai ya karɓi hayar gona a wajen wanda ya sayar wa tasa.