Ku daina kashe wa yara gwiwa a kan Elm

Abin da aka yi wa yaron nan jiya da daddare a zaurenmu na masu gina shafukan intanet ya tsaya min a rai. Tambaya ɗaya ya yi: yana so ya fara da Elm, wani yaren rubuta kod na gina shafukan intanet, ta ina zai kama? Sai manya suka yi masa ca. Wannan ya ce ɓata lokaci ne, wancan ya ce ba mai ɗaukarsa aiki. Yaro ya goge tambayarsa ya yi tsit. Wallahi ba ku kyauta ba.

A ina ma kuka yi masa dariyar? A WhatsApp, wanda aka gina sabarsa (kwamfutar da ke karɓa da isar da saƙonni) da Erlang, yaren fankshinal irin su Elm, wato masu gina komai da fankshin, ƙananan guntayen kod da ke karɓar abu su dawo da sakamako, wanda ya fito daga kamfanin Ericsson na Suwidin tun 1986. Da shi saƙonku ya isa wayar yaron, amma kuna cewa irin waɗannan yarukan ba su da amfani.

Ni da JavaScript na fara, kuma na san abin da na sha. Na taɓa yi wa wani mai sayar da atamfa shafi, ranar da zan nuna masa, yana tsaye a kaina, allon ya yi fari fat. Turmi ɗaya ne ba a saka wa farashi ba, kod ɗina ya je ɗauko abin da babu, komai ya tsaya. A Elm hakan ba za ta faru ba. Duk abin da zai iya zuwa babu, dole ka naɗe shi cikin Maybe, wato alamar cewa watakila akwai shi, watakila babu, ka faɗi abin da za a yi idan babu shi, in ba haka ba kwamfaila, manhajar da ke duba kod ɗinka ta fassara shi, ta ƙi wucewa da kai. Kuma cikin lalama take nuna maka layin, har da shawarar gyara. Evan Czaplicki ya fitar da yaren a 2012, tsarinsa kashi uku ne kacal: bayanan da kake riƙe da su, yadda za a nuna su, da yadda za su sauya idan an danna wani abu. Ɗan koyo me yake nema da ya wuce wannan?

Za ku ce babu kasuwa. Na ji. To Redux da kuke tinƙaho da shi wajen riƙe bayanai a JavaScript, ai daga tsarin Elm ya ɗebo. Yaron da ya saba da fankshin da ba ya taɓa komai a waje, abin da ka ba shi shi ke yanke abin da zai dawo maka, in ya koma React, kayan aikin gina shafi na JavaScript, gaba zai yi ya bar ku. In kuma ɓangaren sabar shafi yake so, ga yaren Elixir na José Valim ɗan Burazil, shi ma fankshinal ne, ga Phoenix, kayan gina shafi a kansa, manhajar hira ta Discord ma da Elixir take aiki. Abin da ya kamata ku ce masa bai fi layi biyu ba: ƙanena, fara riƙe HTML da CSS da kyau, sannan ka shiga Elm. Shi ke nan. Amma kuka zaɓi ku kunyata shi, saboda abin da ba ku iya ba kuna ganin bai kamata wani ya iya ba.

Ƙanena, in kana karanta wannan, ka yi min magana, zan zauna da kai.